Hannun Noeline a Gangar Kawu Wilf

Kawuna Wilf Zadow bai taɓa mallakar gonar inabi ba, ko layi ɗaya. Da wannan nake fara labarinsa kullum, domin duk wanda ya ji zancen ɗakin ƙasansa mai cike da kwalaben ruwan inabi sai ya zaci wani attajiri ne. Mai datse rassa ne kawai. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya bar makaranta, ya shiga gonakin mutane a kewayen garin Tanunda da almakashi a hannu, bai kuma ajiye shi ba sai da yatsunsa suka kanannaɗe kamar rassan da yake yankewa. Yayan mahaifiyata ne. Shi da matarsa Noeline Allah bai ba su haihuwa ba, saboda haka ni na cinye rabon 'ya'yan da ba su samu ba, na kek da na faɗa duka.

Sunana Raelene. Motocin dakon inabi gare ni, guda huɗu, kuma duk kwarin nan an san halina: ba na ganin abu in wuce ban ƙirga shi ba. Kawu kan ce ranar da za a binne ni sai na ɗaga murfin akwati na ƙirga masu makoki, in ba su cika ba in aika a kira saura.

Yadda ya tara abin da ya tara ba wani sirri ba ne. In ya gama aiki a gonar da ya yarda da ita, sai ya ce wa mai gonar ya rage masa lada, ya cike masa da kwalba biyu ko uku na ruwan inabin da za a matse daga layukan da ya gyara da hannunsa. Farkon aurensu Noeline ta sha yi masa tsiya a kan haka.

"Wilf, yau kwalba zan ɗora a kan wuta?"

"Yi haƙuri, uwargida. Nan da shekara ashirin sai kin gode mini."

"Nan da shekara ashirin yunwa ta gama da ni, sai ka sha da matarka ta gaba."

Da kansa ya haƙa ɗakin a ƙarƙashin kicin, ya jera bututun yumɓu irin na magudanar ruwa a jikin bango, kowace kwalba ta kwanta a raminta. Ƙirgar ƙarshe da na yi masa ɗari huɗu da goma sha biyu na samu. Wata kwalbar ta girme ni. Ba don sayarwa yake tarawa ba, kuma ban taɓa ganin ya buɗe kwalba shi kaɗai ba. In ya sauka ƙasa ya ɗauko ɗaya, to akwai wanda yake jira a tebur. Zai goge ƙurar da hannun riga, ya ciro matoshin a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar yaro, ya ɗaga tambulan ya dubi taga ta cikinsa. Sa'an nan ya gaya maka gonar da inabin ya fito, da irin ruwan da aka yi a shekarar, da wanda ya faɗa kwata yana tsinka. Kafin ka kurɓa ka riga ka san wurin.

Ranar Alhamis ce ranarsa. Da tsakar rana abokansa biyu kan zo: Aub Pfeiffer, wanda ya yi ritaya daga tuƙin tarakta, da Des Mickan, tsohon mahauci. Kowa zai zo da kwalba a cikin safa don kada a ga takardarta, a yanka busasshen nama mai tafarnuwa da burodi da kokwamba mai tsami, a zuba, a yi ta musu a kan ko na wane ne, ko na wace shekara.

"Wannan ɗan kan tudu ne," Des zai ce, ya tura hanci cikin tambulan har ya kusa jiƙa gira. "Shekarar fari."

"Kai da hancinka ya mutu tun zamanin da kake banka taba? Miƙo nan," in ji Kawu.

"To malam mai hanci, me ka ji?"

"Na ji safarka. Aub, kai ma shinshina. Anya an wanke ta kuwa?"

"Ka bar Des da safarsa, Wilf. Ita kaɗai ce abin da yake ajiyewa ya tsufa."

Haka suke tun kafin in yi wayo. In an zare safar, wanda ya fi kowa kuskure shi ke wanke tambulan. Des ya wanke tambulan a gidan nan fiye da Noeline.

Sai dai duk kwalaben nan, da daɗinsu da labarinsu, ba su ne ran gidan ba. Ran gidan yana rumfar baya, a kan wani benci: 'yar ganga ta katako mai cin lita ashirin, da famfonta na tagulla. Kusan kowane tsohon gida a nan yana da irinta, cike da ruwan inabi mai zaƙi wanda aka ƙarfafa da barasa. Ana ɗiba ana mayarwa, sabon ya shiga ya koyi hali a wurin tsohon. Ta Kawu mahaifinsa ne ya fara cika ta, kuma abu guda ya bar masa wasiyya a kanta: kada ta bushe. Gangar da ta bushe allunanta kan buɗe, ta mutu ke nan, sai dai a shuka fure a ciki. Iska ma tana shan nata rabon ta jikin katako, musamman da zafi, don haka ko ba a ɗiba ba sai an riƙa leƙawa ana cikewa.

Akwai ladabin ganga da ba wanda ya koya mana, mun tashi ne mun tarar. In ka kawo wa mutum kwalba don gangarsa, ba ka zubawa sai ka fara ɗiba ka ɗanɗana, ka ambaci mai gidan da alheri. In ka zuba, ka bar masa kwalbar wofi a wurin, ya san ka zo. Kuma kwalbar da ka fito da ita daga gida ba ta komawa gida. Wanda ya koma da kwalbarsa a hammata, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Abin da ya bambanta gangar Kawu da ta kowa shi ne Noeline. Akwai wata kurangar inabi fari mai ƙamshi da ta hau baranda ta baya. Noeline ba ta barin a taɓa 'ya'yanta sai sun yanƙwane sun kusa zama zabibi. Sa'an nan ta tsinka, ta matse a bokiti da hannunta, ta bar shi ya ɗan taso, ta kashe shi da barasa a lokacin da ita kaɗai ta sani, ta tace da tsohuwar rigar matashin kai. Kowace shekara bayan kaka sai ta ɗauki mazurari ta nufi rumfa. Ta yi haka fiye da shekara talatin. In ka kurɓa, zabibi za ka fara ji, sai ɓawon lemu, sai can baya wani ɗan ɗaci mai daɗi kamar sukarin da ya kama a gindin tukunya. Mutane kan ce hannun Noeline ke nan.

Da ta rasu, Kawu ya gwada yi sau ɗaya. Ya ɗanɗana, ya zubar a gindin katanga. Shekara biyu bayan nan kurangar ma ta bushe.

Daga lokacin ya daina ɗibar wa baƙi daga ganga. In Des ya kalli rumfa ya yi gyaran murya, sai Kawu ya ce, "Tana hutawa," ya sauka ƙasa ya ɗauko kwalbar da ta fi ta jiya. Wa zai yi ƙorafi? Ba wanda ya tambayi dalili, shi ma bai faɗa ba. Mazan nan suna iya kwashe wuni suna musu a kan shekarar inabi, amma abin da ke zuciya ba ya fitowa ta bakinsu. Ni ma a mota na ji, wata rana ina kai shi ganin likitan ido, yana kallon titi ba ya kallona.

"Rae, ke da kike son lissafi. Duk abin da na ɗiba, sai na mayar da wani wanda ba nata ba. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Kawu."

"Shi ya sa ɗan tambulan ɗaya nake sha, ranar Lahadi in na dawo coci. In na bi a haka za ta kai ni."

"Ta kai ka ina?"

"Inda za ni mana. Kalli hanya, 'yar nan."

A watan Nuwamba ya faɗo daga tsani yana share magudanar rufin kwano, ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka kai shi asibiti a Adelaide, aka yi aiki, ciwon ya ruɓe, aka sake yi. Nan da nan na raba aiki: ni asibiti da likitoci, Aub gida da kaji. Lokacin tsinkar inabi yana ƙaratowa, motocina na jirana, don haka in na baro Adelaide wurin aiki nake zarcewa, ban ko bi ta gidan ba. Ina zaune a gefen gado ranar da Aub ya zo dubiya, ya tsaya yana murza hula a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ka rame, tsoho."

"Kai kuma ka ƙara muni. Aub, zafi na tafe. Kada ka bar gangata ta bushe."

"Haba Wilf. Ina raye?"

Iyakar abin da suka faɗa ke nan a kanta. Kwalba ɗaya, ko biyu in zafi ya tsananta, ita ce duk abin da iska za ta sha kafin ya dawo. Kawu ya san haka, ya kuma ɗauka Aub ya sani.

Watannin nan sun ci shi. An hana shi ko ɗigo saboda magani, abincin asibiti kuwa ya ce kamar ana tauna jarida. Mutumin da ya yi rayuwarsa a waje, ga shi kwance yana kallon silin. Akwai makon da ya daina yi wa masu jinya tsiya, na tsorata. Abin da na ga yana tayar da shi shi ne zancen rumfa. In mai gasa ƙashi ya ce ya tashi ya taka, ya ƙi, sai in sunkuya in ce masa, "Kawu, daga ƙofar kicin zuwa rumfa ba wanda zai ɗauke ka." Sai ya kama ƙarfen dogarawa ya miƙe, yana zagina ƙasa-ƙasa. Ya ce mini ba ya roƙon Allah komai sai ya zauna a bencin nan ya riƙe ɗan tambulan ɗinsa.

A watan Maris aka ce za a sallame shi. Ana jajibiri na ɗauki kafinta muka je gidan mu kafa ƙarfen riƙewa a bayan gida, mu shimfiɗa katako a kan matakala don keken marasa lafiya. Ina son in ga ko keken zai bi ta ƙofar rumfa, sai na tura ta.

Kwalaben wofi ne jere a gindin bango, layi biyu, an tsara su tsaf. An kawo kujerun roba. Akwai tambulan a kife a kan tawul, da wuƙa da katakon yanka nama. Kafin in san abin da nake yi bakina ya riga ya fara ƙirga. Hamsin da takwas.

Ina tsaye Aub ya shigo da bokitin abincin kaji, fuskarsa fal murna.

"Kin gani ko? Ba a taɓa yi wa ganga gata irin wannan ba."

"Baba Aub, me ya faru a nan?"

"Bayan sujada a coci na tashi na faɗa, na ce Wilf yana kwance, ya ce kada gangarsa ta bushe. Shi ke nan fa. Washegari Des ya zo da kwalba. Kwana biyu bayan nan 'yan wasan ƙwallon ciyawa. Har fasto ya zo, sau biyu. Da aka fara tsinka kuwa, duk wanda ya tashi aiki sai ya biyo ta nan a sha don lafiyar Wilf."

"Ai a cike take. Ina kuke samun wurin zubawa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ina rana ke fitowa.

"A ɗiba mana. Mutum ya ɗauko kwalba tun daga Angaston, ki ce ya koma da ita? Des ya kawo shida, wai shi mai zuciya. Na ce ina raye ba za ka wuce ni ba, na kawo bakwai. Kuma ba tarkace ba, Rae. Kowa mai kyansa ya kawo."

Gaskiya ya faɗa. Na bi takardun da ido, ba wanda ya yi rowa. Wasu kwalaben na san masu su sun yi shekaru suna ɓoyonsu. A gidajensu haka ake yi wa ganga, a ɗiba a mayar, kuma a wurinsu gangar da ake yawan taɓawa ita ce mai rai. Ba wanda ya san zancen tambulan ɗaya na ranar Lahadi.

Na koma mota na zauna na yi lissafin, na sake yi ko zan samu kuskure. Kwalba hamsin da takwas sun bi ta cikin gangar lita ashirin, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta fitar da rabonta na tsohon. Abin da ya rage na abin da Kawu ya bari bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Na saba in na ƙirga abu in san abin yi. Ranar na kira mai haɗa ganga da na sani, na tambaye shi ko akwai dabara. Ya ce, "Raelene, abin da aka sha an sha."

Washegari na ɗauko shi. Tun daga garin Gawler yake zaune a miƙe, yana karanta gonaki ta taga, yana kushe duk wanda ya yi datsa bara. Sau biyu na buɗe baki in gaya masa, na rufe. Muka iso da tsakar rana muka tarar da motoci har bakin titi. Mata sun kawo kek da nama, an kafa tebur a ƙarƙashin baranda. Kawu bai ko kalli teburin ba.

"Tura ni baya," ya ce.

Na tura keken, mutane suka biyo mu. A ƙofar rumfa ya ɗaga hannu na tsaya. Ya daɗe yana kallon kwalaben. Ya fi ni sanin ganga, ba ya bukatar lissafina. Na ga hannunsa ya damƙe ƙarfen keken har jijiyoyi suka fito, sa'an nan ya sake.

"Duk ku ne?"

"Duk mu ne," Des ya ce yana buga ƙirji. "Ka ga shidan can na ƙarshe? Nawa ne."

"Bakwai ɗin da ke gabansu fa?" in ji Aub.

Aub ya ɗauko ɗan tambulan ɗin Kawu daga kan ƙusa, ya buɗe famfo, ya miƙa masa da hannu biyu. Kawu ya ɗaga shi ya dubi hasken ƙofa ta cikinsa. Da can launinsa kamar ruwan shayi mai kauri ne, yanzu ya koma ja. Ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki ya rufe ido. Ya daɗe a haka.

"Des," ya ce da ya haɗiye, "naka ya cika zaƙi. Na sha gaya maka."

Aka fashe da dariya. Des ya ce ai mara lafiya ba ya jin ɗanɗano, Aub ya ce a ba Des tambulan ya wanke. Kawu ya bi su ɗaya-ɗaya da godiya, kowa da sunansa, ya tambayi fasto ko sau biyun nan duk addu'a ya zo yi. Aka ci, aka sha daga kwalaben ɗakin ƙasa, aka watse kafin la'asar don ya huta.

Da na dawo daga raka na ƙarshe, na same shi ya tura kansa ya koma rumfa. Tambulan ɗin yana hannunsa, da sauran rabi.

"Nawa ya rage? Na san kin ƙirga."

"Ɗaya cikin goma, Kawu. Ko ƙasa da haka."

Ya gyaɗa kai.

"Noeline tana nan. Amma kamar mai magana daga wani ɗaki, an rufe ƙofa." Ya juya tambulan a hannunsa. "Kada ki gaya musu."

"Aub ya kamata ya..."

"Aub ya yi abin da na ce ne. Ni ne ban faɗi sauran ba. Wata huɗu mutanen nan suna zuwa suna ambaton sunana, ki je ki ce musu me?"

Na ɗauko mazurari daga bango, don na saba ganin in ya ɗiba yana mayarwa nan take. Ya riƙe hannuna.

"Rataye shi. Ba zan ƙara mata ko ɗigo ba."

"Za ta bushe fa."

"Na sani."

Mutumin da ya riƙe wasiyyar ubansa tun kafin a haife ni, shi ne ya faɗi haka, kuma bai sake ɗaukar mazurarin nan ba. Ya daina jiran Lahadi. Kullum da hantsi zai dogara ƙarfensa ya tafi rumfa, ya ɗibi ɗan tambulan ɗaya, ya zauna yana nemanta a ciki. Likita ya hana, na faɗa masa, ya ce in gaishe da likita. Wata rana in na leƙo sai ya ce, "Yau na ji ɓawon lemun." Wata rana kuma ba ya cewa komai, sai in yi zancen motoci. Na riƙa ƙwanƙwasa jikin gangar da yatsa in zan wuce, ina jin amon wofi yana sauka ƙasa. Allunan sama suka fara ja da baya da juna.

Alhamis kuwa ba ta mutu ba, sai ma ta ƙaru. Ya daina ajiye wata kwalba don wata rana. Ni ke sauka in ɗauko, shi yana faɗa mini ramin daga sama, ba ya kuskure. Kwalaben da Noeline ta yi masa tsiya a kansu tun suna sababbin aure, duk a lokacin sanyin nan aka sha su. Aub ya taɓa cewa bari ya leƙa ganga ya ga ko tana son ƙari. Kawu ya ce, "Kun yi mata na shekara goma, bar ta," ya tura masa tambulan.

Ya rasu a watan Agusta, lokacin sanyinmu na nan, ana tsakiyar datsa, gonaki duk sun yi tsirara. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe ba. Kafin nan ya riga ya gaya mini abin da yake so.

"Ranar da kuka kai ni, ki buɗe musu famfo har ta ƙare. Ai yawanci nasu ne."

Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a bayan gidan. Na tsaya a bakin ganga ina zubawa, kowa ɗan kaɗan, ana miƙawa baya. Ta yi ƙasa da rabi tun kafin mu fara, don haka ba a jima ba sai da na sa Des ya ɗaga gindinta. Ina cikin haka Aub ya matso, cikin kwat ɗinsa na coci da ta yi masa yawa, da kwalba a hannu. Na san kwalbar. Ta shekarar aurensa ce, ya sha cewa ba zai buɗe ta ba sai ranar da ya ga dama. Ya karɓi tambulan ɗinsa ya ɗanɗana kamar yadda ake yi, ya ce Allah ya ji ƙan Wilf, ya miƙa hannu zai ɗauko mazurari. Sai ya ga yanar gizo-gizo a bakinsa. Ya dubi saman gangar, inda haske ke ratsawa tsakanin alluna.

"Rae, ya bar ta ta bushe."

"E, Baba Aub."

"Wilf? Da gangan?"

Ya mayar da hancinsa cikin tambulan, wannan karon a hankali, ba irin na gaisuwa ba. Ya sha hannun Noeline shekara da shekaru, ya san shi kamar yadda ya san muryarta. Na ga yana nema. Sa'an nan ya juya ya dubi gindin bango, inda kwalaben wofin suke har yanzu, don Kawu ya hana a kwashe su. Leɓensa ya motsa. Ina jin ƙirgawa yake.

"Ya sani tun ranar da ya dawo?"

"Tun daga ƙofa."

"Bai ce komai ba."

"Ya ce na Des ya cika zaƙi."

Ya yi wani sauti kamar dariya, bai kai dariya ba. Ya tsaya a wurin har na zuba na ƙarshe, famfo ya yi ɗigo ya tsaya. Des ya sauke gindin gangar, ta yi amon katako.

Aub ya ajiye tambulan ɗinsa a kan benci. Ya dubi kwalbar da ke hannunsa kamar bai san yadda ta zo wurin ba, ya sa ta a hammata, ya ratsa ta cikin mutane ya nufi motarsa. Kowa ya ga kwalbar. Ba wanda ya yi masa gori.